IDON NA'URA DA IDON MANOMI: WA ZAI GAYA WA INJI ABIN DA AKE KIRA HAKI A GONAKIN GUNA?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Guna, cikin gundumar Mirya ta jahar Damagaram, a watan Yuli, zai tarar da garuruwa shiru kamar an yi ƙaura. Maza da mata da yara duk suna daji, kowa da hauyarsa, domin lokacin noman fari ne, shi kuwa noman fari ba ya jiran kowa. Mako biyu ko uku bayan tsirowar gero, ƙarangiya da harkiya da guɗe-guɗe da komayya sun riga sun tashi tare da shi, suna shan ruwan da yake sha, suna cin takin da aka zuba dominsa. Damina a wannan yanki wata uku ce zuwa huɗu. Magidancin da ya makara da kwana goma wajen noman fari, a rumbunsa zai ga sakamakon makararsa.

Hannuwa kuma ba su isa. Samari da yawa suna ci-rani, wasu ba su dawowa sai shuka ta yi nisa, kuɗin barema yana hawa daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka labarin da ke zuwa daga ƙasashen waje, cewa an ƙera injuna masu idanu waɗanda ke bambanta shuka da haki, su kashe hakin su bar shukar, labari ne da ya cancanci manomi da malamin gona da ma'aikacin hukuma su tsaya su saurare shi da kyau.

YADDA NA'URA TAKE GANI

Asalin abin yana cikin haske. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske domin ya sarrafa abincinsa, amma akwai wani haske da ke gaba da ja, wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani, shi kuma ganye mayar da shi yake yi da ƙarfi. Rairayi da busasshen kara ba su yin haka. Idan aka sami ma'aunin da ke jin waɗannan haske biyu, to, ana iya gane inda akwai ɗanyen tsiro da inda babu.

A kan wannan ilimi aka gina wata na'ura mai suna WeedSeeker, wadda aka fara sayarwa a Amurka cikin shekarun 1990. Ana ɗaura ta a kan injin feshi, duk inda ta ji ɗanyen ganye sai ta buɗe bakin feshi, inda babu sai ta rufe. Amfaninta yana ga filin da ba a shuka ba tukuna, inda kowane kore haki ne. Da zarar shuka ta fito, wayonta ya ƙare, domin a wurinta kore duk kore ne.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne dabarar da masana ke kira koyon na'ura, wadda ta bunƙasa ƙwarai daga shekarar 2012. A da, sai mutum ya rubuta wa kwamfuta ƙa'ida filla-filla: ganye mai faɗi kaza, mai tsawo kaza, haki ne. Wannan hanya ba ta yi nisa ba, saboda ganye yana sauya kama da rana da inuwa da ƙura da kwanakinsa. A sabuwar hanya, ana tara hotuna dubbai, mutane su zauna su sa wa kowane tsiro sunansa, sa'an nan a nuna wa kwamfuta. Takan yi hasashe, a gaya mata ta yi daidai ko ta yi kuskure, ta gyara lissafinta, a sake nuna mata wani, har ta kai ga gane tsiron da ba ta taɓa ganin hotonsa ba. Haka uba yake yi da ɗansa ranar da ya fara ba shi hauya: wannan cire, wannan bari. Bambancin kawai shi ne yaro yakan gane da misali goma, ita kuwa na'ura sai da dubbai.

Ga misalin yawan aikin. A shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar James Cook, a arewacin Ostareliya, sun wallafa tarin hotuna 17,509 domin koya wa na'ura irin haki takwas kacal na makiyayarsu. Bayan koyarwar, na'urar ta riƙa faɗin daidai wajen sau 95 cikin 100.

INJUNAN DA KE AIKI A YAU

A shekarar 2011 aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Blue River Technology a Kalifoniya, wanda ya soma da injin rage tsiron latas. A 2017 kamfanin John Deere, mai ƙera taraktoci, ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan 305. A 2022 suka fito da injin feshi mai suna See & Spray Ultimate, mai kamara 36 jere a kan hannu mai tsawon mita 36 da ɗoriya. Yana tafiya wajen kilomita 19 a sa'a cikin gonar masara ko auduga ko waken soya, kuma kafin ƙiftawar ido ya raba shuka da haki ya fesa wa hakin kaɗai. Kamfanin ya ce ta haka ana rage fiye da kashi biyu cikin uku na maganin da ake fesa wa hakin da ya riga ya fito.

A ƙasar Suwizalan, kamfanin Ecorobotix yana da injin ARA mai faɗin mita 6, wanda ke ɗiga magani a kan wuri mai santimita 6 tsawo da 6 faɗi, wato bai kai tafin hannu ba. A birnin Siyatil na Amurka kuma, kamfanin Carbon Robotics ya ƙera wanda ba ya amfani da magani sam: yana auna tsakiyar tsiron haki da hasken leza, ya ƙone shi. Kuɗin babban samfurinsa ya haura dalar Amurka miliyan ɗaya, wato fiye da miliyan 500 na kuɗin sefa.

Babu magidanci a Guna da zai sayi irin wannan inji, kuma babu ƙungiyar manoma da za ta yi tunaninsa. Amma a tuna cewa kamara da lissafin da ke cikin waɗannan injuna dangin waɗanda ke cikin wayar hannu ne. Tun tuni Jami'ar Penn State ta Amurka, tare da cibiyar binciken noma ta IITA mai hedikwata a Ibadan, suka fito da wata manhaja mai suna Nuru, wadda ke duba ganyen rogo ta kamarar waya ta faɗi cutar da ke damunsa, ko da babu intanet. Ta wannan ƙofa ce ilimin zai shigo karkara, tun kafin a ga inji ko ɗaya. Saboda haka tambayar da ta fi kuɗin inji nauyi ita ce: wace gona aka koya wa na'urar?

GONA ƊAYA, SHUKA HUƊU

Gonar da aka ƙera waɗannan injuna dominta shuka ɗaya ce tak, a layi miƙaƙƙe, hekta ɗaruruwa. Dokar wurin mai sauƙi ce: abin da ba masara ba, a kashe shi.

Manomin Guna kuwa da sungumi yake shuka, rami-rami, a zuba ƙwayoyi da dama cikin kowane rami. Malaman gona suna ba da shawarar a bar mita ɗaya tsakanin rami da rami, wato rami 10,000 a hekta, kuma a rage tsiron ya koma uku a kowane gindi. Tsakanin gero ana saka wake, wani wuri dawa, wani wuri gyaɗa, a gefe kuma ga yakuwa da kuɓewa na mata. Na'urar da aka koya wa gero kaɗai za ta ɗauki wake a matsayin abokin gaba.

Wannan ma mai sauƙin gyara ne, sai a koya mata wake. Wahalar tana ga tsirran da ba wanda ya shuka su, amma kuma ba a son a rasa su. Tafasa, da lalo, da gasaya, da karkashi, da yaɗiya duk da kansu suke fitowa. Littattafan masana da yawa sun jera wasunsu cikin sahun haki. Amma a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, da su ake yin kwaɗo da miya, kuma mata suna shanya su su kai kasuwa. Waɗanda suka ga yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 ba su bukatar a gaya musu darajar ganyen daji. Ita kanta ƙarangiya, wadda ake la'anta a gona, an ci ƙwayarta a shekarun wahala, kuma dabba tana cin ta tun tana ɗanya. Harkiya da kyasuwa da ake nomewa ana ɗaure su a kai wa tumakin da ke turke.

Ashe ke nan sunan haki ba a jikin ganye yake ba. Tafasar da ta fito a gindin gero haki ce, a cire ta. Wadda ta fito a bakin iyaka miya ce, a bar ta. Kamara tana iya gane cewa wannan tafasa ce. Hukuncin cirewa ko bari kuwa, mai gona da uwargida ke yanke shi.

SHIBRA: KAMA DA WANE BA TA WANE

Akwai jarrabawar da ta fi wannan tsanani, ita ce shibra. Shibra ƴar uwar gero ce ta jini, tana tsakanin geron gida da geron daji. Iska tana ɗaukar garin furenta ta kai wa gero, ta ɗauko na gero ta kawo mata, saboda haka takan shiga cikin iri ba a sani ba. Zangarniyarta gajera ce, ƙwayarta ƙanana, kuma da ta nuna sai ta kakkaɓe a ƙasa ta jira baɗi. Masana na cibiyar IRD ta Faransa tare da takwarorinsu na Nijar sun yi shekaru suna nazarinta a gonakin ƙasar nan, har sunanta na Hausa ya shiga littattafan kimiyya.

Lokacin rage tsiro, shibra da gero kusan kamarsu ɗaya. Masana sun daɗe da lura cewa hannun manomi da kansa yake haifar da irin wannan kamanni: duk hakin da ya bambanta da shuka an cire shi, wanda ya yi kama da ita ya tsira ya yi iri, shekara bayan shekara. Wannan darasi yana kan na'ura ita ma. Idan ta riƙa kashe abin da ta gane, abin da ya ɓace mata shi zai gaji gonar.

Bugu da ƙari, shibra tana riga gero nuna. A gidajen da rumbu ya ƙare tun kafin kaka, ita ce hatsin farko da ke shiga turmi. Manomi mai wadata yana son a tumɓuke ta kakaf domin ta daina lalata masa iri, maƙwabcinsa mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan bar wasu da gangan. Wanda ya ce a koya wa na'ura shibra, sai ya faɗa tukuna gonar wa ake nufi.

ƊAN GAWO A TSAKIYAR GONA

Babban abin da ke kan sikeli a ƙasar Damagaram shi ne itace. Ana ba da labari cewa tun a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Dalilin sananne ne: gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa ta fi ta ko'ina ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Daga baya an yi zamanin da ake ganin gona mai kyau ita ce wadda aka sassabe fes, ba sabara, ba kalgo, ba toho. Bayan farin 1984 manoma suka juya. A Maradi wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar renon toho tun 1983, a gundumomin Mirya da Magarya da Matamai kuwa manoma da kansu suka riƙa barin ƴaƴan gawo suna girma cikin gonakinsu. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa abin ya kai wajen hekta miliyan ɗaya a waɗannan gundumomi uku. A faɗin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan itatuwa ya taɓa zama tsiro mai tsawon ɗan yatsa, hauya ta zo kansa, mai hauyar ya gane shi ya kauce. Injin da aka koya wa dokar gonar masara ba zai kauce ba. Haka nan maganin haki da ake fesawa barkatai, wanda ya yawaita a kasuwannin kan iyaka, ba ya kaucewa.

Koyon na'ura dai ya riga ya yi wa itacen Sahel wata hidima. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen, tare da hukumar NASA ta Amurka, sun zana itace kusan 90,000 da hannu a kan hotunan tauraron ɗan Adam, suka koya wa kwamfuta, ita kuma ta ƙirga itace biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, har da Nijar, aka sami biliyan 9.9. Sai dai ƙidayar ta tsaya ga itacen da inuwarsa ta wuce murabba'in mita 3. Tauraro yana ganin gawon da ya girma, wanda ya rene shi tun yana tsiro kuwa manomi ne.

ƘUDUJI: INDA AKE BUKATAR TAIMAKO

Akwai haki ɗaya da babu gardama a kansa, wato ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake. Gindi ɗaya yana iya zubar da ƙwaya 50,000 ko fiye, kuma ƙwayar tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, sa'an nan ta manne wa saiwar tana tsotsa. Makonni yake yi a ɓoye, kafin ya fito da furensa mai kyan gani ya riga ya yi mafi yawan ɓarnarsa. Akwai kuma wani irinsa da ke kama wake. Ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ake shuka wa gero kowace shekara ba hutu ba taki.

Kamarar da ke kallon ƙasa daga sama ba ta ganin abin da ke cikin saiwa, saboda haka ba za ta ceci geron bana ba. Abin da za ta iya shi ne ta nuna inda annobar take. Masu bincike na cibiyar icipe da ke Nairobi sun gwada haka a gonakin masara na yammacin Kenya, inda suka haɗa ma'aunin haske da hotunan tauraron Sentinel-2 da koyon na'ura domin gane gonakin da ƙuduji ya kama, suka wallafa sakamakon a 2020. Wannan tauraro na Turai yana sake ɗaukar hoton wuri kowane kwana 5, hotunan kyauta ne, amma mafi ƙanƙantar abin da yake rarrabewa fili ne mai mita 10 kowane gefe. Ke nan taswirar gari yake bayarwa, ba ta gindi ba.

Irin wannan taswira tana da amfani ga hukuma, domin magungunan ƙuduji sanannu ne: a tumɓuke shi kafin ya zubar da iri a ƙone, a zuba taki, a riƙa juya gero da wake ko gyaɗa, a shuka iri mai jurewa kamar waken IT97K-499-35 na cibiyar IITA. Abin da ke ƙaranci shi ne taki da iri da malaman gona. Idan an san garuruwan da abin ya fi tsanani, za a san inda za a fara kai su.

AIKIN DA KE JIRAN MASU KARATU

Daga duk abin da ya gabata, magana ɗaya ta fito fili: na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata, kuma ba ta kiran tsiro da wani suna sai wanda mutum ya rubuta. Hotunan da aka koya wa manyan injuna na masara ne da auduga da latas. Idan ana son waya ta gane gero da shibra, da ɗan gawo, da ƙuduji, a kan jigawar Damagaram da hasken ranarta, sai an ɗauki hotunan a nan, kuma sai wanda ya san tsirran ya sa musu suna.

Masanin kwamfuta da ke birni ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Tsohon da ya san tsirran sau da yawa ba ya rubutu. Wanda ke tsakaninsu shi ne mutumin da ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, wanda ya iya hauya kuma ya iya alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai an jira kowa ba kafin a fara. Kowace ƙungiyar manoma tana iya ajiye littafi ɗaya. A rubuta sunan kowane tsiro da ke fitowa a gona, da Hausa, da Barbarci ko Fillanci inda ake da su. A rubuta watan da yake fitowa, da irin ƙasar da yake so, da wanda ke amfani da shi: mutum, ko dabba, ko mai magani. A tambayi mata musamman, domin su suka fi sanin ganyen miya. Wanda ke da waya ya ɗauki hoton tsiron tun yana ɗan kwana bakwai, ya sake ɗauka da ya girma, da safe da kuma tsakar rana. A rubuta gonakin da ƙuduji ya fito bana, da abin da aka shuka a cikinsu bara.

Su kuma hukumomi suna da nasu rabo. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar ICRISAT ta Sadore, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da majalisun manoma da ke ƙarƙashin RECA, su ne wuraren da ya dace irin waɗannan littattafai da hotuna su taru. Ya kamata kuma a ɗauki ƙa'ida tun yanzu: duk na'urar da za a kawo karkara, a fara gwada ta a gonar gero da wake mai gawo a ciki, a gaban manoma, kuma hotuna da sunayen da jama'a suka tara su zama mallakar ƙasa da ta garuruwan da suka tara su.

Yaron da ke bin ubansa a gonakin Guna bana yana koyon darasin da babu kwamfutar da ta kammala shi. Idan aka rubuta darasin, na'urar gobe za ta zo ta taimaki hauya. Idan aka bar shi a baki kawai, za ta zo da karatun gonar wasu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kare amfanin gona daga ƙuduji da fara, ya cika rumbuna. Amin.